Anza, Jar Dawa da Awara: Tarihin Cimar da Adar Ta Karɓa da Wadda Ta Ƙi

Tawa gari ne na nama. Baƙon da ya sauka tasha da magariba, hayaƙin tukuba ne zai fara yi masa maraba: balangu, tsire, kayan ciki, ga masu kilishi da fayafayansu. Ranar Lahadi kuwa kasuwa kan cika da jajayen shanun Azawak da raƙuma da tumaki da awaki waɗanda aka koro daga wajen Abalak da Cintabaradan. Amma wanda ya bar bakin kwalta ya shiga cikin gidaje, balle ya fita ƙauyukan Kalfu, Barmu, Tamaske ko Kaita, zai tarar tukunyar yau da gobe ba ta cika haɗuwa da wannan nama ba. Fura da rana, tuwon gero ko na dawa da dare, da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa. Nama sai ranar kasuwa in aljihu ya yarda, sai suna, sai biki, sai layya. Akuyar da ke ɗaure a turke ajiya ce: ita ake kaiwa kasuwa in rumbu ya yi ƙasa ko wani ya kwanta ciwo.

A Ingila, cikin 1944, wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, har nono da ƙwai. Su da kansu suka zaɓi haka. Mutanen arewacin Adar, ƙasar da Tawa ke cikinta, ba su taɓa kafa irin wannan ƙungiya ba, amma sun daɗe suna neman abin da zai tsaya a gurbin nama da nono, wani lokaci ma a gurbin gero kansa. Daga cikin abubuwan da suka gwada, wasu sun shiga jiki har an manta baƙi ne, wasu kuma har gobe ba a son a ji sunansu a bakin ƙofar gida. Ɗaci da wari sun taka rawa a wannan rabuwa, amma ba su kaɗai ba.

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce daudawar batso. Ɗorawa ba ta son tsandaurin Adar, don haka kalwa sai an kawo daga kudu, da tsada. Yakuwa kuwa kowace mace na da ita a gefen gona. In an cire ganye an yi miya, an cire soɓorodo, sai a tara 'ya'yan a dafa su dogon lokaci da ruwan toka har su yi laushi, a rufe su kwanaki su ruɓa, a daka, a dunƙula, a shanya. Warinta kan tsallaka katanga. Ita da gabu, wato busasshen ganyen albasa, su ne ke ba miyar talaka nauyin da nama zai ba ta, kuma 'ya'yan yakuwa na da sinadarin gina jiki da mai, ba ƙamshi kawai ba. Da dunƙulen Maggi da ire-irensa suka cika teburan 'yan tireda, sai amaren birni suka fara toshe hanci, batso ta zama alamar ƙauyanci. A nan, a ganina, an yi asara ba tare da an lura ba: dunƙule yawancinsa gishiri ne, batso kuwa abinci ce.

Anza ita ce babbar maganar, kuma ba a iya ba da labarinta sai an bi ta kan shekarun yunwa. Faransawa ba su fi shekara goma sha 'yan kai da kafa barikinsu a Tawa ba aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa daga Kano har Adar ke kira Kakalaba. Damina ta ƙi, ga haraji, ga aikin tilas. Da rumbuna suka ƙare, mutane suka koma ga daji: ganyen jiga, tafasa, yaɗiya, 'ya'yan aduwa, ƙwayar ƙarangiya da ake sussukawa daga cikin ƙaya, har da haƙa gidan tururuwa a kwashe 'yan tsabar da ta tara. Amma abin da ya fi riƙe rai shi ne anza, don ita ce ba ta jin fari.

Ƙaramar itaciya ce mai kaurin ganye, kore shar rani da damina, tana fitowa a kan fako da gindin duwatsu inda gero ba ya ko tsirowa. 'Ya'yanta, da ake kira dilo, kan nuna ne wajen faɗuwar damina, daidai lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai iso ba. In sun nuna sun yi ɗorawa, yara kan tsotse ɗan zaƙin da ke jikinsu. Abincin gaske yana ciki, ƙwaya ce koriya kamar ƙaramin wake, mai ɗacin da ba ya haɗiyuwa. Mace za ta tsinko, ta shanya, ta surfa a turmi ɓawo ya fita, ta sheƙe, sannan ta jiƙa a tukunya ko ƙwarya. Kullum sai ta tsiyaye ruwan ta zubar ta sake sabo, tana ɗan tauna ƙwaya guda ta ji ko ɗacin ya ragu. Wata kan fara tafasawa, wata kan sa toka don abin ya yi sauri. Daga kwana uku har mako guda ake wannan hidima. Sai ɗacin ya fita a dafa da ɗan gishiri a ci kamar wake, ko a busar a niƙa a gauraya da ɗan geron da ya rage don tuwo ya kai ga kowa. In ba ta jiƙu yadda ya kamata ba, ciwon ciki ne da jiri da amai, kuma ga ƙaramin yaro da yunwa ta riga ta ci, abin kan iya wuce nan.

Duk wanda ya san arewacin Adar zai ga inda matsalar take. Ƙasa ce ta rijiyoyi masu zurfi, inda mace kan yi tafiyar safiya guda kafin ta dawo da tulu ɗaya. Cimar da ke neman a zubar da ruwa kullum har mako ta zo ne a watan da ruwan sha ma awo ake yi, ga yara suna kuka ba su san jira ba. Dole a gajarta jiƙon. Ke nan anzar da yawancin mutane suka sani a bakinsu ita ce wadda aka ci da gaggawa, da sauran ɗacinta, a shekarar da aka binne 'yan uwa. Ga kuma kunya. Gidan da aka ga ana shanyar anza, kowa ya san rumbunsa ya ƙare, kuma magidanci Ba'adare ya gwammace ya kama hanyar biɗa zuwa kudu da a ce ya kasa ci da iyali. Ba a ba baƙo anza. Tsofaffi in an ambace ta, abin da sukan ce shi ne, “Allah kada Ya maimaita mana.”

Yunwar 1931, wadda fara ta haddasa, ta fi tsanani a yammacin Nijar, kuma bayanta ne mulkin mallaka ya tilasta rumbunan tsimi a garuruwa. Ta farkon shekarun 1950 ta zo da sabon abu: motoci sun fara shigowa, aka riƙa kawo garin rogo daga kudu, har Zabarmawa suka sa wa shekarar 1954 sunan garin, kamar yadda masanin tarihi Boureima Alpha Gado ya tattara a littafinsa kan yunwar Sahel. Masu cin gero sun raina shi da farko, don ba ya riƙe ciki kamar fura. Amma garin rogo bai koma inda ya fito ba. Ba ya son wuta, ba ya son daka, ba ya lalacewa. A yayyafa ruwa, a sa mai da yaji da ƙuli-ƙuli da albasa, an gama. Ya zama guzurin matafiyi da abincin ɗan makaranta, kuma yau da kuɗi ake sayensa a kowace kasuwa.

Fari na 1968 zuwa 1974 shi ya kawo abincin agaji da yawan da ba a taɓa gani ba. Makiyayan Azawak, Buzaye da Fulani da Larabawa, sun rasa dabbobi masu ɗimbin yawa, dubbai suka taru a sansanin Cintabaradan, wasu suka gangaro gefen Tawa, wasu har Lazare a Yamai. Akwai abin da wanda bai zauna ƙasar ba yakan kasa ganewa: a shekarar yunwa nama ne ke araha. Kowa na neman rabuwa da dabbarsa kafin ta faɗi, mahauta na yanka ramammun shanu a kan kuɗi kaɗan, ragon da a da zai sayi buhun gero ya koma ba ya sayen rabinsa. Abin da ya ɓace shi ne nono da gero. Su ne aka zo a maye, kuma abin da jirage da manyan motoci suka kawo mafi yawa shi ne jar dawa daga Amurka, irin wadda a can dabbobi aka fi noma wa ita.

Ba'adare manomi ya san dawa, ko da yake gero ya fi so. Ya karɓa, ya yi tuwo mai duhu da gardin da bai saba ba, ya ci yana gunaguni. Ga makiyayi abin ya fi haka muni. Yaron da ya tashi da nonon raƙuma da cuku da ɗan gero, cikinsa bai san dafaffiyar dawa ba. Uwar kuma wataƙila ta baro turminta a hanya, ga itacen girki babu. Garin madarar da aka raba don ya tsaya a gurbin nono, in aka dama shi da ruwan da ba shi da tsabta, gudawa yake kawowa. Ga ƙyanda ta shiga sansanoni. Mutane suka haɗa waɗannan mace-mace da abincin da aka ba su, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Maganar yadda aka yi da kayan agaji tana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, ya yi alkawarin ba ɗan Nijar da zai sake mutuwa da yunwa. Garin madara dai daga baya ya sami gindin zama, har yau da shi ake haɗa yawancin nonon da ake dama fura a birane. Jar dawa kuwa sunanta bai gyaru ba.

Wannan fari ya sauya gonaki ma. Gyaɗa, wadda ita ce kuɗin Maraɗi da Damagaram kuma uwar ƙuli-ƙulin da ake kwaɗo da shi, ta durƙushe a tsakiyar shekarun 1970, wake ya hau gurbinta. Sannu a hankali Nijar ta zama cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, tana bin bayan Najeriya. Ma'aikatan lafiya suka yi ta kiransa naman talaka, kuma ta fuskar gina jiki gaskiya suka faɗa. Sai dai yawancin waken ba ya kwana a gida: buhu-buhu yake bi ta Ƙonni ya tsallaka Illelar Najeriya zuwa Sakkwato da kudu. Manomi ya fi ganinsa kuɗi, harawarsa kuma abincin rago. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Yana cin itace kafin ya nuna a ƙasar da kara da kashin shanu ake girki, yana kumbura ciki, ƙwari kuma ba sa barinsa ya kai bazara, sai da buhunan PICS masu ruɓi uku suka fara yaɗuwa daga 2007. Tun tuni Bahaushe ya yanke masa matsayi da ya ce rashin tuwo kan sa a ci wake a kwana. Amma a lura: da zarar an sarrafa shi ya zama ƙosai ko ɗanwake, ko an haɗa shi da shinkafa an zuba mai da yaji, ba mai gardama. Dafaffen wake zalla a matsayin abincin dare shi ne ake jin kamar an gaza.

A 1984 damina ta sake ƙi, ga Najeriya ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu a zamanin Janar Muhammadu Buhari, hanyar hatsi da ta ci-rani ta toshe. Shi ya sa a ƙasar Hausa ta Nijar ake kiran wannan yunwa El-Buhari. Mai riƙe da jihar Tawa a lokacin wani hafsan soja ne, Tanja Mamadu, wanda ya zauna kujerar daga 1981 zuwa 1988. Gwamnatin Kunce ta tura mutane noman rani a fadamu da bakin tabkuna irin na Tabalak, kuma daga nan kabeji da salati da dankalin Turawa suka fara shiga kwanon mutanen da a da ke ganin ɗanyen ganye abincin awaki ne. A 1984 ɗin ne kuma aka buɗe babban aikin raya karkara na Kaita, da kuɗin Italiya, da jagorancin hukumar FAO, hukumar abinci ta PAM kuma na biyan ma'aikata da abinci. Da yake maza sun tafi biɗa, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tsaunuka. Cikin kimanin shekara 20 aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Benedetta Rossi, wadda ta rubuta tarihin Adar daga zamanin bauta zuwa zamanin agaji, ta bi diddigin wannan aiki da matan da suka yi shi. Abincin Kaita bai ɗauki irin tabon abincin sansani ba, don lada ne na gumi, mace ta auna ta kai gida da kanta a sama.

Ana cikin haka wani baƙo ya shigo ba tare da takardar kowa ba. Waken suya ba amfanin gonar Adar ba ne. Ruwan sama bai isar masa ba. A Najeriya an daɗe ana nomansa a ƙasar Tibi, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta duƙufa koya wa mata sarrafa shi, har wani ƙwararre daga Japan, Osamu Nakayama, ya zo ya yi aiki a kan yadda za a daskarar da madararsa da abin da ake da shi a gida. Matan Hausa suka karɓe sana'ar suka mai da ita tasu. A jiƙa waken, a kai inji a markaɗa, a tace da ƙyalle, a ɗora ruwan a wuta, in ya tafasa a zuba ruwan tsami. Nan take sai ya tsinke, farin ya taso ya dunƙule. A kwashe a ƙyalle da ɗan attarugu da albasa, a ɗaure, a danne da dutse ruwa ya tsane, a yanka, a soya. Daga Kano da Katsina da Sakkwato awara ta tsallako Maraɗi da Ƙonni, ta hau har Tawa.

Wannan ita ce cimar da a Turai da Amurka ake sayar wa masu gudun nama, kuma can ma da yawa na kukan ba ta da ɗanɗano. A nan mai da yaji sun raba gardama. Da la'asar za ka ga yara sun kewaye mai kasko a bakin lungu, kowa da 'yan dalolinsa, ana “Yaya, a ƙara yaji,” ana “Inna, ba gyara?” Masu ƙin ta suna nan, galibi manya. Wani ya ce tsami take yi in ta kwana, wani ya ce in ta huce tauri take kamar roba, wani man da aka yi ta maimaita suya da shi ne ke tayar masa da zuciya. Dattijo kan ce abin yara da mata ne, kuma ba mai gidan da zai tari surukinsa da awara a ce an yi masa karamci. Duk da haka ba wanda ke jin kunyar a gan shi yana saye. Ba ta taɓa cewa ita nama ce ba, ba kuma a layin rabo aka fara saninta ba.

Sai 2005. A ƙarshen daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacin yankin noma, har da Tawa da Kaita da Abalak. Gwamnati ta ƙiyasta giɓin hatsi da tan 223,000, ta ce mutum fiye da miliyan 3 na cikin haɗari. Giɓin bai kai na 1984 ba, amma farashi ya yi tashin da ba a saba gani ba: a tsakiyar damina buhun gero mai kilo 100 ya kai jika 30 na sefa a wasu kasuwanni. Hukuma ta daɗe tana sayar da hatsi da rangwame, jika 10 buhu, kafin ta yarda da rabon kyauta, alhali wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba shi da ko jika ɗaya. Mata suka koma ga anza da jiga da tafasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin tamowa, har da Tawa da Kaita, kuma a wannan shekara ta karɓi yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a faɗin ƙasar.

A watan Yuli hotunan gidan talabijin na BBC suka zagaya duniya, anza ta shiga labarai a matsayin 'ya'yan itace masu guba da yunwa ta tilasta wa mutane ci. A watan Agusta shugaban ƙasa, wanda ba kowa ba ne illa Tanja, tsohon mai mulkin Tawa, ya ce wa BBC ɗin babu yunwa a Nijar, mutanensa ma da alamar ƙoshi. A 2008 wani shirin talabijin na ƙasar Norwe ya zargi 'yan jarida da Majalisar Ɗinkin Duniya da zuzuta lamarin, yana kafa hujja da cewa cin ganye da 'ya'yan daji tsohuwar al'ada ce, ba alamar mutuwa ba. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Anza abinci ce, kakanni sun san yadda ake cire mata ɗaci, kuma kiranta guba kawai ya ƙara wa masu cinta kunya a kan kunya. Amma kuma ba a ciyar da ɗan wata goma da anza da tafasa ya rayu lafiya, kuma yaran da aka auna a cibiyoyin Kaita da Tawa ba ƙirƙiro su aka yi ba.

Abinci biyu suka fito fili a 2005, kuma makomarsu ta bambanta. Ɗaya shi ne garin masara da waken suya da aka ƙara wa sinadarai, wanda asalinsa daga shirin agajin abinci na Amurka ne tun shekarun 1960. Sai an dama shi an dafa kamar kunu, yana da ɗan gafin wake, in ya daɗe a ajiye kuma yakan canza ɗanɗano. Uwa kan raba shi ga duk yaran gida, don ba ta iya ba ɗaya ta hana saura. Ɗayan shi ne Plumpy'Nut, maƙulashen gyaɗa da garin madara da sukari da mai a cikin 'yar leda, wanda André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996. Ba ya son ruwa ko wuta, yaro kan tsotsa da kansa, uwa ta yi jinya a gida maimakon kwanciya asibiti. Ɗanɗanonsa kuma ba baƙo ba ne ga wanda ya san tunkuza da ƙuli-ƙuli. A Nijar ne aka fara amfani da shi da irin wannan yawa, har aka soma yin sa a Yamai. Da yunwa ta dawo a 2010, gwamnatin soja ta Salu Jibo ba ta ɓoye ba, kuma garin da aka riƙa tanadar wa ƙananan yara daga wannan lokaci an sake masa haɗi: an ƙara sukari da mai da garin madara. Masana abinci da kansu sun gano cewa ga yaron da bai kai shekara biyu ba, hatsi da wake kaɗai ba su cika tsayawa a gurbin nono ba, abin da matan Azawak ke faɗa tun 1973. A 2010 ɗin kuma ƙungiyoyi suka riƙa sayen dabbobin da suka rame daga hannun makiyaya, a yanka, a raba naman ko a busar.

A ƙasashen masu arziki ma an gwada neman madadin nama ta wani gefen. Kamfanin Beyond Meat, da aka kafa a Amurka a 2009, ya yi naman da ba nama ba daga sinadarin wake, mai kama da na sa har a launi. Da ya shiga kasuwar hannun jari a watan Mayu 2019 mutane suka yi rububi. Cikin 'yan shekaru darajarsa ta zube da fiye da kashi 90 cikin 100. Masu saye sun gwada sau ɗaya ko biyu, suka ce ya fi nama tsada kuma bai kai shi daɗi ba. Duk abin da aka miƙa wa mutum aka ce masa ga madadin abin da yake so, da abin da yake so ɗin zai auna shi.

Anza kuwa ta sami masu tsaya mata daga gabas. Tun ƙarshen shekarun 1980 gidauniyar Eden ke aiki da manoman yankin Tanut a kan shuka itatuwan daji masu ba da abinci ba tare da ban ruwa ba. A 2014 Josef Garvi ya kafa Sahara Sahel Foods a Damagaram, inda ake sayen anza da aduwa da magarya da sauransu daga hannun matan karkara, a cire wa anza ɗaci a tsanake da isasshen ruwa, a mai da ita gari da burabusko da biskit, a zuba a leda mai suna a kai kanti. Binciken da aka yi a kan ƙwayar ya nuna ta fi gero sinadarin gina jiki. Manoma da dama kuma, tun da sassaben zamani, wato barin kututtura su sake tsirowa a gona, ya yaɗu daga Maraɗi a shekarun 1980, sun daina tumɓuke kututturenta a gona, ko ba don ci ba, don ganyenta da ake sawa a rumbu ya kori ƙwari.

Tsakanin Damagaram da tsaunukan Kaita akwai nisa, ba na hanya kaɗai ba. Ɗan birnin da bai taɓa kwana da yunwa ba zai iya ɗanɗana biskit ɗin anza ya yaba. Matar da ta jiƙa ta a 1984, ta sake jiƙawa a 2005, ba leda ce za ta sauya mata ra'ayi ba, kuma ba ta da laifi. Abin da zai iya sauyawa a wurinta shi ne lissafi: in akwai mai saye da kuɗi, anza ta zama kaya kamar zogale da yakuwa, shanyarta a tsakar gida ta daina zama tonon asiri. Sauran aikin na ruwa ne. Famfunan da aka kafa a garuruwan Adar cikin shekarun nan sun rage wa mata tafiya, amma da kuɗi ake cika jarka, kuma tiyar anza guda sai ta sha ruwan jiƙo na kwanaki kafin ta shiga tukunya.